Ranar da Na'ura Ta Kashe Kansila

Shekara uku ke nan da na'urar tantance yatsa ta gunduma ta jefa mahaifiyar Ladidi cikin jerin matattu, don surfe ya cinye zanen yatsunta. Aka hana ta magani, aka hana ta ƙuri'a, har ta rasu da gaske. Da Ladidi ta kai kuka, Kansila Barau cewa ya yi, "Na'ura ba ta ƙarya."

Yau ga Barau a layi da ƙonannen yatsa, allo ya ce ya mutu. Shaidar maƙwabci ɗaya ce za ta dawo da shi. Ya waiwaya, sai ga maƙwabciyarsa Ladidi a layin.

"Ladidi, 'yata, gaya wa na'urar kin san ni."

Ta gyara mayafi, ta matsa gaban na'urar.

"Na san shi," in ji ta a hankali. "Allah ya jiƙansa."