Jikar Sarkin Ruwa a Glenwood

Turai ta hau matakalar gidan hayar Hudu a unguwar Glenwood, can ƙasar waje, agogon da ya ba ta a dunƙule cikin hannunta. Mayar masa ta zo yi. Tun da ta ji mahaifiyarsa ta ce ɗanta ba zai auri 'yar masunta ba, ta gama yanke shawara.

Ta tarar da shi maƙale da tarho, yana magana da wani mai jirgin ruwa a garin Wilmington, irin masu kai mutane kamun kifi inda kogi ya haɗu da teku. Ya dube ta, ya dubi hannunta, ya rufe bakin tarhon da tafinsa.

"Wuri uku nake kama mana," ya ce. "Ni da ke da Hajiya. Tana isowa daga gida watan gobe."

"Kai da ko kududdufi tsoronsa kake yi?"

"Ta ce kuna ƙarnin kifi. So nake ta zauna a gabanki ta ga abin da ta raina." Ya nuna tarhon da haɓa. "Mutumin ya ce zai koya miki riƙe ƙugiya."

Turai ta ɗaga gira. Ita da ta tashi a Yawuri, jikar Sarkin Ruwa guda! Sai ta ɗaura agogon a hannunta a hankali.

"Gaya masa tuƙi kawai zai yi. Hajiya kuma ta zo da yunwarta."