Gurbin Sunan Shugaba

Ranar Laraba da hantsi Alhaji Idirisu ya buɗe wayarsa a shagonsa na Kasuwar Dakar da ke birnin Douala, ya ga abin da ya shekara goma yana nema. A saman shafin an rubuta: "Barka da zuwa, Alhaji Idirisu Baraka." A ƙasa, da manyan baƙaƙe: "Sabon shugaban ƙungiya: Alhaji Idirisu Baraka." Daɗi ya kama shi har sai da ya zauna a kan buhun shinkafa.

Shekarar korona ce, an hana babban taro, shi ya sa ƙungiyar 'yan tireda ta unguwar New Bell ta yi zaɓenta ta waya. Kausar, 'yar ƙanwarsa mai aikin kwamfuta a wani ofis a unguwar Akwa, ita aka ba aikin shafin. Tun ranar jefa ƙuri'a Alhaji ya yi ta mamakin yadda shafin ya san sunansa.

"Bai san ka ba, Kawu," in ji ta. "Shafi ɗaya ne, kamar katin biki da aka bar gurbin sunan wanda aka gayyata. In ka shiga, na'ura ta duba wa ya shigo ta cike gurbin. Kowane gurbi da kalmar da ke gaya mata abin da za ta sa. C'est tout, shi ke nan."

Alhaji bai tsaya jin sauran ba. Shi dai ya san an gaishe shi da cikakken suna.

Kwamitin zaɓe ya sa doka: 'yan takara uku kaɗai za su ga sakamako, kuma kowa ya kama bakinsa har ranar Juma'a. Akwai Alhaji, akwai Zakari mai atamfa, abokin hamayyarsa tun suna samari, sai kuma Sali, wani mai sayar da manja a unguwar Kassalafam da ya shiga takara don kawai a cika uku, wayarsa ma rabinta a fashe.

Kama baki ya yi wa Alhaji wuya. Ya je wurin tela a ɗinka masa babbar riga, telan ya ce ya yi haƙuri, akwai wata ta gaggawa a gabansa, ita ma ta Juma'a. Ya je sayen rago, mai raguna ya ce babban yanzun nan aka biya kuɗinsa. Alhaji ya ɗauki na biyu, yana cewa a ransa mutanen Douala ba sa gajiya da biki ko ana annoba.

Ran Alhamis sai ga Zakari da kansa a bakin shago, takunkumi ya rufe masa baki da hanci, idanunsa sun yi laushi. Mutumin da bai taɓa fara gaishe shi ba, yau har da tambayar iyali.

"Alhaji, mun tsufa da wannan faɗan," in ji Zakari. "Mu je gaban liman mu yi rantsuwa. Duk wanda bai ci ba a cikinmu, ya bar takara har abada."

Tausayi ya kama Alhaji. Wato bawan Allah ya ga faɗuwarsa, yana neman hanyar fita da mutunci. Ya riƙe hannunsa suka tafi, suka rantse, kowa yana ba ɗan'uwansa haƙuri a kan abin da ba a faɗa ba. Liman ya ce bai taɓa ganin 'yan takara masu sanyin hali irinsu ba.

Bayan sallar Juma'a aka hallara a zauren ƙungiya, mutum goma sha wani abu, kujeru nesa da juna. Alhaji ya sha sabuwar rigarsa. Ya lura Zakari ma ya sha tasa, ya yaba masa a zuci da ya zo faɗuwa da kwalliya. Sali yana can baya da rigar shago, da tabon manja a hannunta.

Sakataren ƙungiya ya ce, "Sabon shugaba ya taso."

Alhaji ya miƙe, Zakari ya miƙe. Suka isa kujerar tare, kowa ya zaro waya ya ɗaga wa ɗan'uwansa shaida, kowace waya da sunan mai ita. Kausar ta buɗe kwamfutarta, ta duba, ta dafe goshi. A gurbin shugaba ta sa kalmar da ta sa a gurbin gaisuwa, duk wanda ya buɗe shafin kansa yake gani. Ta gyara kalmar, wayoyin biyu suka nuna suna ɗaya: Sali, wanda bai iya buɗe shafin ba, bai kuma rantse wa kowa komai ba.