Kwamfutar 'Yar Mai Gyara

Mai gyaran rediyo ya haɗa wa 'yarsa kwamfuta da hannunsa, kuma da hannunsa ya kwance ta.

'Yar ta koyi zanen gidaje. Wani magini ya ce zai riƙa ba ta aiki in ta samu na'ura mai ƙarfi kafin ƙarshen wata. Sabuwa ta fi ƙarfin gidan, sai uban ya riƙa sayen kayan ɗaya-ɗaya: akwati, allon ciki, fanka, ƙwaƙwalwa sanda biyu. A teburin cin abinci yake ɗaure su, ƙusoshi a murfin kwalba. Kowane kaya sai ya manna masa takarda ya rubuta mai shi, yadda ya saba a shago. Na'urar ta tashi, 'yar tana gwada ƙananan zane a kai. Katin hoto kawai ya rage, wanda zai ɗauki babban aiki.

Da ya je saye, kuɗin katin ya ninka. Ya dawo yana huci.

Ƙanin matarsa, Dogo, ya ce, "Yaya, haushin nan naka kuɗi ne. A waya ana cacar hannun jarin kamfanonin da ke ƙera kayan nan. Ka ce zai faɗi. In ya faɗi, ka ci."

"Dole ya faɗi. Shekara talatin ina kan benci. A layinmu yanzu babu mai saye."

Bai san manyan kamfanoni ke kwashe kayan tun daga masana'anta ba. Ya ɗauka layinsu ne duniya.

Ya zuba kuɗin katin. Jari ya hau. Waya ta ce ya ƙara, ko ya rasa na farko. Da 'yar ta fita, ya zare sandunan ƙwaƙwalwa biyu, ya sayar wa tsohon abokinsa mai shagon kwamfuta. Kwana huɗu, wannan kuɗin ma ya tafi.

'Yar ta danna maɓalli. Fanka ta juya, fuskar na'ura ta tsaya baƙa.

"Baba, me ya same ta?"

Mutumin da ke gane ciwon rediyo da kunne ya shiga tattara ƙusoshi a murfin kwalba.

"Faɗa mata, ko ni in faɗa," in ji uwar.

Ya faɗa mata. Wata ya ƙare, magini ya ba wani aikin. 'Yar ba ta yi kuka ba. Ta rufe akwatin da ƙyalle, ta ci gaba da kawo masa abinci. Da ta zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Bayan mako uku mai shagon ya zo, ya ajiye ambulan a teburi, sandunan biyu na ciki.

"Tsoho, kai dai ba ka iya sata ba. Ka kawo mini kaya da takarda a jiki, an rubuta na 'yata. Wa zan sayar wa wannan?"

"Kuɗinsu ya hau," in ji mai gyara.

"Na sani, ni ke sayarwa. Shagona cike yake da matattun kaya. Ka zo ka biya ni da hannunka."

Mai gyara ya riƙe hannun abokin ya kasa saki. "Allah ya rufa maka asiri," shi ne kawai ya iya fita daga bakinsa. Uwar ta juya baya tana share ido.

'Yar ce ta mayar da sandunan da kanta. Na'ura ta tashi. Aikin magini bai dawo ba, kuma har yau babu kati, amma tana samun ƙananan zane.

Mai karatu, sanin gyaran kaya daban, sanin kasuwarsa daban. Kada haushin tsada ya sa ka yi caca da abin da ka riga ka ba ɗanka. Ba kowa ke da abokin da zai ajiye masa ba.

Dogo ya dawo da wayarsa. "Yaya, wannan karon tabbas zai faɗi."

Mai gyara bai ɗago daga benci ba.

"Ya faɗi ko ya tashi sama. Ba zan sa ba."