Babu Shi a Ciki

"Duba min sunan ɗana, 'yar nan," in ji tsohuwar da ke bakin taga.

Ma'aikaciyar asibitin ta shigar da sunan. Ita ce tun farko ta rubuta wa kwamfuta umarnin laluben suna cikin jerin waɗanda ambaliya ta kashe. Amsa ta fito: babu.

Tun safe "babu" take gani, mutum arba'in sun tafi suna sa mata albarka. Don ta tabbatar, ta gwada sunan wata gawa da ta gani da idonta. Babu.

Ta buɗe jerin kansa, ta tarar da shi wayam. Ko suna ɗaya bai shiga ba.

Layin masu jira ya toshe ƙofa.

"Kin yi shiru," tsohuwar ta ce. "Yana raye ko?"