Gwanin Ƙanƙarar Kitse

Taku ɗaya ya yi a kan tafkin da sanyi ya daskarar, ƙafafunsa suka yi sama, ƙeyarsa ta sha ƙasa, a gaban yarinyar da yake nema.

Duk watannin zafi ya ƙare su a sabon zauren wasan zamiya a kan ƙanƙara na Landan, inda ake kwaɓa kitsen alade da gishiri a shimfiɗa, a ce ƙanƙara ce. Yana ƙara ƙwarewa, tana ƙara gudunsa. Shi kuwa gogan sai ya ninka atisaye. Ba wanda ya gaya masa ƙanƙarar Allah ta fi santsi.

Ta miƙo masa hannu tana dariya.

"Tashi, sarkin gwanaye. Dā ma ba gwaninta nake jira ba, jira nake warin kitsen nan ya sake ka."