Babbar Tururuwa

"Kada ki kashe su, Hajiya," in ji mai maganin ƙwari, yana barbaɗa gari a bayan firij. "Tururuwa ba don cikinta take ɗauka ba. Gida take kaiwa, ta ciyar da ƙanana da uwarsu baki da baki. Wannan yana da zaƙi, kuma ba ya kisa nan take. Ki bari su kai da kansu."

Hajiya ta kalli kular da mai aikinta ke cikawa da ragowar abinci kullum a ɓoye.

"Ƙaro min ƙulli ɗaya," ta ce. "Ina da wata babbar tururuwa."

Ta juye shi a ragowar miya. Da yamma ta ga mai aikin ta fita da kular a ƙarƙashin mayafi. Har murmushi Hajiya ta yi.

Da safe mai aikin ta shigo ba sallama, ta zube a gabanta.

"Hajiya, Mamanki ta rasu. Wata shida ni nake kai mata abinci, ta hana ni gaya miki don kada ki ji kunya. Jiya ma ta cinye tas, tana sa miki albarka."