Jinyar Dinya

"Maigida, jinyar mugunta ba ta ƙarewa yadda aka so," in ji matarsa, ganin yana ɗaure wa dinya karyayyen fiffike da kara.

Ya ci gaba da ɗaurinsa. Dinyoyin daji sun cinye masa rabin shinkafar gona, abincin 'ya'yansa biyar, suka tashi suka bar wannan a cikin laka. Maƙwabta sai sa masa albarka suke yi, wai mai tausayi. Shi kuwa nufinsa daban: ta warke, ya turke ta a gona, ta kira 'yan uwanta, raga ta rufe su duka.

"Baba, in ta warke za ta ga danginta?" autarsa ta tambaya.

"Za su haɗu, auta. A tukunya ɗaya ma."

Kwana ashirin yana ba ta dusa yana ƙwafa. Ran da ta miƙe, ya turke ta a tsakiyar shinkafa, ya ɗana raga, ya laɓe cikin ciyawa da igiya a hannu.

Garken ya taho, ya yi ƙasa-ƙasa. Sai dinyar ta miƙa wuya ta tsala wani kuka da bai taɓa ji ba. Nan take suka juya. Washegari ma haka, har girbi. Ko ɗaya bai kama ba, kuma ba a sake taɓa masa ko zangarniya ba.

Ranar da buhuna suka shiga gida ya kwance ta. Har yau bai sani ba ko shi ta ceta, ko danginta.